Liman da Fasto a Kaduna

A rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya bazu har cikin garin Kaduna, James Wuye ya rasa hannunsa na dama. Muhammad Ashafa kuwa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Kowannensu a lokacin jagoran matasa ne a ɓangarensa, Wuye na Kirista, Ashafa na Musulmi, kowa kuma yana neman ɗaukar fansa.

Sai a 1995 wani ɗan jarida ya haɗa su. Sulhun bai zo da sauƙi ba. Wata huɗubar Juma'a kan yadda Annabi (SAW) ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa ce ta karya zuciyar Ashafa. Wuye kuwa ya faɗa da bakinsa cewa ya yi shekaru yana tafiya tare da Ashafa amma ƙiyayyar ba ta bar ransa ba.

Abin burgewa, babu wanda ya sassauta aƙidarsa. Liman Ashafa na nan da limancinsa, Fasto Wuye na nan da cocinsa.

Cibiyar sasancin da suka kafa ta taimaka wajen yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002, sannan ta shiga tsakani a Yelwan Shendam da ke Jihar Filato, har ma da Kenya.