Tsakanin Ƙanƙarar Girinland da Daminar Doguwa

A watan Satumbar 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle ya malale Maiduguri, hankalin duk mai zaune a ƙasan dam ɗin Tiga ya tashi. Ba a ga laifinsu ba, domin dattawan Bebeji ba su manta da Agustan 1988 ba, lokacin da na Bagauda ya fashe. Cikin wannan zaman ɗar-ɗar ne na ji wata gardama a motar haya tsakanin Kwanar Dangora da Tudun Wada. Wani ya ce ai ƙanƙarar ƙarshen duniya ce ke narkewa, ruwanta ke gangarowa yana cika mana dam. Na kusa da shi ya ce, "Haba Alhaji, ina mu ina ƙanƙara? Ko teku ba mu da shi. Zancen Turawa ne."

Maganar na farkon mai sauƙin warwarewa ce. Ruwan Tiga na Kogin Kano ne, wanda ke saukowa daga duwatsun kudu ya ratsa Dajin Falgore. Ƙanƙarar da ta narke teku take shiga, ƙasar Kano kuwa ta ɗara teku tudu da fiye da mita 400. Wannan fargabar ta mutanen Legas ce.

Ta na biyun ce ta fi damuna, saboda ita ce a bakin mafi yawanmu, har da 'yan boko. Yawancin ruwan da ke sauka a gonar masara a Doguwa, iskar damina ce ta kawo shi, ita kuwa daga tekun Atilantika take tasowa. Shi wannan teku ba a tsaye yake ba. Akwai wani makeken gudun ruwa a cikinsa da ke kwasar ɗumi daga kudu ya kai arewa. Idan ruwan ya isa kusa da tsibirin Girinland sai ya huce, ga shi da gishiri, sai ya yi nauyi ya nutse, ya koma kudu ta ƙarƙashi. Nutsewar nan ita ce injin da ke jawo wani ruwan ɗumin a baya.

To, ruwan ƙanƙara ba shi da gishiri, saboda haka ba shi da nauyin na teku. Ka zuba man gyaɗa a miya, ai a sama yake tsayawa. Haka shi ma yake shimfiɗuwa a kan teku ya hana nutsewar, kamar yadda injin ban-ruwa ke rage ja idan tiyo ya sha iska. Kuma ba ɗan kaɗan ba ne. Taurarin ɗan Adam na hukumar NASA sun auna cewa Girinland na asarar ƙanƙara kimanin tan biliyan 270 a shekara, wato a cika Tiga maƙil fiye da sau ɗari.

Ga inda abin ya shafe mu. Hadarin damina ɗumi yake bi, kamar yadda yara ke matsawa gefen da wuta ta fi ci a daren hunturu. Idan arewacin Atilantika ya fi kudancinsa ɗumi, sai damina ta hauro arewa ta zauna mana. Idan ya huce, kamar yadda zai yi idan gudun ruwan nan ya rage kai masa ɗumi, sai ta ja baya. Sikeli ne, ɓangaren da ya rinjaya can ruwa ke karkata. Mun taɓa ɗanɗanawa: masana sun danganta farin 1973 da na 1984 da hucewar arewacin tekun, wadda hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wa ta hanyar tare hasken rana. A 2017 wasu masana, akasarinsu na Faransa, sun yi lissafi da kwamfuta suka ga cewa idan ƙanƙarar Girinland ta narke da gaggawa, ruwan Sahel zai ragu har gero da dawa su rasa ƙasar da za su yi a wurare da dama.

Kada wani ya ce an yi hasashen fari baɗi. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2021 cewa gudun ruwan zai yi rauni a wannan ƙarni, amma bai sa ran zai tsaya kwatsam kafin 2100 ba. A yanzu ma akasin fari muke gani: wani binciken na 2017 ya nuna manyan hadarurruka masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun 1982, saboda zafin Sahara ya ƙaru. Abu biyu ke jan damina, kowanne ta gefensa.

Wa ya taɓa zama ya yi wa manomin rake na Kiru wannan bayanin? Duk sanda aka tashi zancen ƙanƙara, hoton wata farar dabba a kan tsagin ƙanƙara ake nuna mana, dabbar da ba mu taɓa gani ba. Dole mutum ya ce zancen Turawa ne. Su kuma jami'ai, "sauyin yanayi" ya zama amsar da suke bayarwa duk sanda ambaliya ta ci gari, alhali ba ƙanƙarar Girinland ce ta hana yashe dam ba, ba ita ke sare itatuwan Falgore ana gawayi har ƙasa ta zaizaye ta cika Tiga da laka ba.

Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma ɗumin teku na cikin abin da take dubawa. Abin da nake roƙo shi ne malaman Jami'ar Bayero da malaman gona su riƙa kai shi gidan rediyo da Hausa, su kai shi kasuwar Tudun Wada, tun kafin watan Afrilu, lokacin da manomi ke yanke shawarar ko masara mai saurin nuna zai shuka ko mai daɗewa.