Ciwon Gado Ba Sammu Ba Ne

A garuruwanmu, idan yaro ya cika yawan ciwo tun yana goye, sai ka ji ana cewa iska ce ko sammu. Amma akwai cututtukan da yaro yake gada daga iyayensa, kamar yadda yake gadon kamanninsu. Bari mu duba guda biyu.

Na farko shi ne sistik faibrosis, wanda ya fi yawa a cikin Turawa. Wata likita a Amurka mai suna Dorothy Andersen ce ta fara bayyana shi filla-filla a 1938, sannan a 1989 masana suka gano ƙwayar halittar da ke haddasa shi. Majinar mai wannan ciwo takan yi kauri da danƙo, ta toshe hanyoyin numfashi a huhu, ta kuma hana ruwan da ke narkar da abinci isa hanji. Saboda haka yaron yakan yi ta tari, yana cin abinci amma ba ya ƙiba, zufarsa kuma gishiri ya yi mata yawa. Da awon gishirin zufar likitoci suke tabbatar da ciwon.

Jinyarsa aikin kowace rana ce. Ma'aikaciyar jinya takan koya wa iyaye yadda za su riƙa bubbuga ƙirji da bayan yaron da tafin hannu, don majinar ta saki ya tofar. Yana haɗiyar maganin narkar da abinci duk lokacin da zai ci, ana ba shi abinci mai maiƙo da gishiri, ana kuma gaggauta maganin ƙwayoyin cuta idan tari ya tsananta.

Na biyu shi ne wanda muka sani a gida, wato amosanin jini ko sikila. A nan ƙwayoyin jini ne suke lanƙwashewa kamar lauje, su maƙale a ƙananan jijiyoyi, su kawo ciwon ƙashi mai tsanani da ƙarancin jini. Kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar, wato AS, alhali lafiyarsa lau.

Hanyar gadon cututtukan biyu iri ɗaya ce. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar kafin ɗa ya sami ciwon, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4. Don haka ba laifin uwa ba ne ita kaɗai. Ba a kuma ɗaukar ciwon ta cin abinci tare ko zama a benci ɗaya.

Mai sikila yana bukatar shan ruwa da yawa, da rufe jiki lokacin hunturu, da kwana cikin gidan sauro, da shan maganin da likita ya rubuta ba fashi. Idan zazzaɓi ya kama shi, kada a jira gari ya waye, a garzaya da shi Babban Asibitin Rano ko asibiti mafi kusa.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar awon jini kafin aure. Amma ya ku ɗalibai, kada ku bari sai an kawo kuɗin aure kafin ku san rukunin jininku, domin rabuwa a lokacin tana da zafi. Wanda kuma yake da ɗan aji mai sikila, ya kwafa masa darasin da ya wuce shi ranar da yake kwance, kada ya yi masa ba'a.