Kafin ka sayar da wuƙar bindigar kakanka

 Kwanaki wani mai sayen kayan da ya zo gidanmu a Minna, ya ga wuƙar bindigar da kakanmu ya dawo da ita daga yaƙin Bama, ya taya ta kuɗin da ba zai sayi ɗan akuya ba. Babanmu ya ce a'a. Shi da ba ya sayen sa sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya ce in je in koyo haƙoran wannan ma.

Ashe haƙoranta na gindin ƙarfen, dab da mariƙi. Irin tamu ta Ingila ce, ta bindigar Lee-Enfield, tsawon ƙarfenta inci 17. Za ka ga kambin sarauta, da haruffa GR, da lamba 1907. A nan mutane ke ruɗewa. 1907 sunan samfurin ne, ba shekarar ƙira ba. Shekarar na ƙasa da ƙananan lambobi: in ka ga 8 da 17, watan Agusta ne na 1917. Sai sunan maƙera, kamar Wilkinson ko Sanderson. Juya ɗaya gefen, akwai 'yar kibiya, shaidar kayan gwamnatin Ingila, da alamar X, wato an tanƙwara ƙarfen an gwada bai karye ba.

Inda kuɗi yake, nan ha'inci yake. Na farko-farko suna da ƙugiya a jikin ƙarfen da ke tare hannu, aka daina yin ta a 1913, shi ya sa masu tarawa ke rububinsu. Wasu sai su sa mai walda ya liƙa ƙugiyar. To in ka ga ƙugiya amma shekarar 1917 ce, ka san an yi aika-aika.

Don Allah kar ka gurje ta da yashi wai ta yi ƙyalli, kar kuma ka wasa ta. Lambobin za ka cinye. Ɗan mai a tsumma ya isa.

Kuma kar ka jefa ta cikin tirelar shanu zuwa Legas ko Ibadan neman mai saye. Yadda ake kallon ɗan Arewa a shingen hanya yanzu, ba wanda zai tsaya karanta 1907. Ɗauki hoton lambobin da waya ka tura. Tamu dai tana cikin kubenta a adakar Baba.