Taswirar Kwamfuta da Rabon Ruwan Bisashe

Makiyayi ɗan'uwa, kai ne ka fi kowa sanin cewa rijiya ba ita kaɗai ke riƙe garke ba. In akwai ruwa babu ciyawa, dabba ta mutu. In akwai ciyawa babu ruwa, ciyawar ta bushe a tsaye ba wanda ya ci. Abin da muka gani ke nan a farin 1973 da na 1984: shanu sun taru a bakin manyan foraji na arewa, ruwa na zuba, amma ko'ina kewaye ƙasa ta zama fili, suka yi ta faɗuwa da yunwa. Domin kada a sake irin wannan, ma'aikatan kiwo da na ruwa suna aiki da wata dabara da ake ce ma SIG da Faransanci, wato taswirar kwamfuta mai tara bayanan ƙasa.

Mine ne SIG?

Ka ɗauka kana da takardu masu shara-shara, kowace da zanenta. Ta farko rijiyoyi da foraji, ta biyu tabkuna kamar na Tabalak, Madarunfa da Gidimuni, ta uku burtali da makiyaya, ta huɗu gonaki, ta biyar yawan ciyawar bana. In ka ɗora su bisa juna, sai ka ga komi a wuri guda. To, aikin da kwamfuta ke yi ke nan.

Bayanan daga hanya biyu suke zuwa. Tauraron ɗan Adam na ɗaukar hoton ƙasa, a ga inda ya yi kore da inda tabki ya ja baya. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 tana cikin masu wannan aiki. Sauran kuwa a ƙasa ake samun shi: malami ya zo da na'urar GPS ya ɗauki wurin rijiya, ya auna zurfinta da yawan ruwanta, ya tambayi mai ita da watan da take ƙafewa.

Ga lissafin

Saniya babba mai nauyin kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata a yini. Rani na wata 9, kwana 270 ke nan, tana bukatar wajen kilo 1.700. Mu ɗauki misalin dajin da hekta guda ta ba da kilo 600. Ba duka dabba ke ci ba: iska, gara da takawa na ɗauke mafi yawa, abin da ake lissafawa kashi ɗaya ne cikin uku, kilo 200. Ke nan saniya guda na son hekta 8 da rabi. Filin da ke kewaye da rijiya, kilomita 10 ta kowane gefe, ya kai hekta 31.400. Ka raba, sai ka samu shanu wajen 3.700. In kowace ta sha lita 30, ana bukatar lita 111.000 a yini.

Ka gani? In foraji ya shayar da ninkin wannan garke, ciyawa za ta ƙare tun tsakiyar rani. Bayan ƴan shekaru sai garmani da tumfafiya su maye wurin ciyawar kirki. In kuwa taswira ta nuna daji mai ciyawa da babu mashaya kusa, can ya kamata a gina.

Abin da doka ta ce

Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta sa tazara tsakanin mashaya a yankin makiyaya: kilomita 15 ga rijiyar gargajiya, 20 ga rijiyar siminti, 30 ga foraji. Da SIG, kafin a sa diga a ƙasa an san ko an kiyaye tazarar. Haka kuma kwamitocin ƙasa da ake kira COFO, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, suna iya adana iyakar burtali da bakin tabki. Ranar da gona ta ci hanyar mashaya, akwai shaida, ba sai an kai ga sanda ba.

Naka aikin

Kwamfuta ba ta san komi ba sai abin da aka zuba mata. In aka ba ta ƙarya, ƙarya za ta maido. Saboda haka:

1. In malamai sun zo ƙidaya, ka faɗi yawan bisashenka na gaskiya. Mai garke 200 da ya ce 50 gare shi, ya rage ma kanshi rabon ruwa.
2. Rijiyar da ta rufta, ta ƙafe ko ruwanta ya yi gishiri, ka sanar da sarwis na kiwo.
3. Kada ka gina sabuwar rijiya sai ka nemi izini.
4. Ranar sa alamar burtali, ka je da kanka, ku tsaya tare da manoma da maigari.
5. Kafin ka kora garke arewa ko kudu, ka biyo ta ofishin kiwo ka ji inda ciyawa da ruwa suke.

Dattijon da ya san daji tun yana yaro, saninshi ne ke gyara taswira. A zamna da shi a ji ta bakinshi. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi kiyaye dukiyarmu.