Cokali Nawa Ka Sha Yau?

Duk wanda ya saba zama a bencin mai shayi da sassafe ya san yadda ake haɗin kauri. Za a ɗauko kofi, a antaya madara, a zuba Milo ko Bournvita, sannan mai shayi ya nutsa cokali cikin robar sukari ya ɗebo shi har da tozo, sau biyu ko uku. Shi bai tambaye ka ba, kai ma ba ka duba ba, hankalinka yana wajen hirar siyasa ko ta ƙwallon jiya. A miƙo maka, ka tsoma burodi, ka shanye, ka kama hanyar kasuwa ko ofis. Da a ce wani ya zubo maka wannan sukarin a tafin hannu ya ce ka afa, da ka ce ya yi yawa. Amma da yake ya narke cikin ruwan zafi, ya wuce ba ka ji nauyinsa ba.

A nan ne matsalar take. Mafi yawan sukarin da ke cutar da mu ba taunawa muke yi ba, kurɓawa muke yi, kuma abin da aka kurɓa ba a cika lissafa shi cikin abinci ba.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni. Ta ce sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga cimarsa ta yini. Ga baligi mai matsakaicin ci, wannan ya kama giram 50, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi 12, a shafe ba mai tozo ba. Ta ƙara da cewa wanda ya iya saukowa zuwa rabin haka, giram 25 ko cokali 6, ya fi samun amfani. Ƙwayar sukari ɗaya, irin ta kwali, ta kai cokali guda ko ta ɗara kaɗan.

To bari mu bi yinin mutum guda. Shayin safe, a ce cokali 4, ban da wanda ke cikin garin da aka zuba da wanda ke cikin burodi. Idan madarar gwangwani mai kaurin nan mai zaƙi ce aka sa, fiye da rabin nauyinta sukari ne. Rana ta take, ya sayi lemon roba mai sanyi. Galibin lemukan nan suna ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowane mililita 100, ke nan robar rabin lita guda ta haɗiye ma'aunin yini gaba ɗaya, cokali 12 ko 13. Da la'asar a kawo zoɓo ko kunun aya, da daddare a dama fura a zuba mata nata. Kafin ya kwanta ya haura cokali 20. Wannan mutum ba makwaɗaici ba ne, ko alewa ɗaya bai sha ba. In ka tambaye shi, zai ce maka shi zaƙi bai dame shi ba, kuma har zuciyarsa yake faɗa.

Me ya sa abin sha ya fi ɓarna? Ka kwatanta shi da rake. Kafin ka samu zaƙin kara guda sai ka fere, ka tauna, ka tofar da tuƙa, muƙamuƙi ya gaji. Haka lemon zaƙi ko mangwaro: zaren da ke jikinsu yana cika ciki, yana kuma sa sukarin ya shiga jini a hankali. Da wuya mutum ya zauna ya sha lemon zaƙi huɗu a jere, amma idan aka matse su a kofi, cikin minti ɗaya ya gama, kuma zai ci tuwonsa kamar bai sha komai ba. Ruwa ba ya ƙosarwa yadda abin tauna ke yi. Shi ya sa hukumar ta sa ruwan 'ya'yan itace da aka matse cikin jerin sukarin da za a rage, amma ba ta sa ɗan itacen da aka ci ɗungurungum ba.

Idan sukari ya shiga jini, akwai wata gaɓa a bayan tumbi, likitoci na kiran ta fankiriyas, da ke fitar da sinadarin insulin. Shi ne kamar mabuɗin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Wani ɓangare na sukarin kuma hanta ce ke sarrafa shi. Abin da ya yi rara, jiki ba ya zubarwa, yana mayar da shi kitse, ya tara a hanta da kewayen ciki. Yayin da teɓa ke ƙaruwa, jiki yakan daina jin insulin yadda ya kamata, gaɓar ta yi ta ƙara ƙoƙari shekara da shekaru har ta kasa. Daga nan sukari ya tsaya cikin jini yana cin jijiyoyi a ɓoye: na ido, na ƙoda, na zuciya, na ƙafa. Ciwon sukari nau'i na biyu ke nan, wanda ya fi yawa a tsakanin manya.

Ba daidai ba ne a ce shan sukari kaɗai ke kawo ciwon. Akwai gado, akwai shekaru, akwai zama wuri ɗaya ba motsa jiki. Nau'i na farko, wanda yakan kama yara, ba shi da alaƙa da shan zaƙi, don haka kada a ɗora wa uwa laifin da ba nata ba. Farar shinkafa, burodi, taliya da tuwon da aka surfe hatsinsa fes, su ma jiki sukari yake mayar da su. Sai dai gado ba a hannunmu yake ba, kofi kuwa a hannunmu yake.

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kimanin miliyan 3.6 a Nijeriya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Na san wata dattijuwa a danginmu da ta yi shekaru tana fama da yawan fitsari da ƙishirwa da kasala, ana cewa shawara ce, ana jiƙa mata saiwoyi, ana saya mata lemon malt domin ta samu ƙarfi. Sai da ɗan ƙaramin ciwo a yatsan ƙafarta ya ƙi warkewa sannan aka je asibiti. Duk gwangwanin da muka kai mata da sunan dubiya, mun kai ne da ƙauna, kuma mun ƙara mata ciwo ba mu sani ba. Lemon malt da ake ɗauka abincin maras lafiya ne ko na mai jego, sukarinsa bai gaza na sauran lemuka ba.

Haƙori kuwa ba ya jiran tsufa. Ƙwayoyin da ke zaune a baki suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin haƙori har ya yi kogo. A nan yawan maimaitawa ya fi yawan abin illa: yaron da ke tsotsar alewa tun safe har yamma, haƙoransa sun wuni a jiƙe cikin tsami. Abin da muke kira tsutsar haƙori, wannan ne asalinsa.

Kakanninmu ma sun san zaƙi, kuma suna son sa. Suna da zuma, rake, mazarƙwaila, dabino, maɗin ɗinya, garin ɗorawa, kanya, magarya da goruba. Amma yawancinsu na lokaci ne, ko sai an sha wahala kafin a same su. Kunun zaƙi daga dankali ko tsiron hatsi yake samun zaƙinsa. Alkaki da nakiya da dubulan kayan biki ne da gara, ba na kullum ba. Wanda ya ci su ma, da ƙafa yake zuwa gona. Yau sukari yana kowane shago, ana ƙulla shi a leda daidai kuɗinka, mu kuma daga babur sai kujera.

Abin da ya fi wuya shi ne sukari ya shiga cikin karamcinmu. A da idan baƙo ya zo, ruwan randa ake fara kawo masa a kwanon sha, sai fura. Yanzu idan ba a aiki yaro ya sayo lemo ba, maigida gani yake ya gaza, baƙon ma kunya ba za ta bar shi ya ƙi sha ba. A zagaya gidaje biyar ranar Sallah, a sha roba biyar da cincin. A wajen suna da ɗaurin aure haka. A majalisar masu ataya, daga Agadez zuwa Kano, ƙananan kofunan nan suna ruɗi, domin kowane zagaye da nasa sukarin, kuma sau uku ake zagayawa. Da azumi abin ya fi ƙamari: mutum ya wuni ciki ba komai, ana kiran salla ya sauke masa zoɓo, kunu da lemo a lokaci guda, sannan ya yi mamakin kasalar da ke kama shi a tarawihi. Ba ina cewa a daina karrama baƙo ba. A kawo masa ruwa mai sanyi tukuna, a tambaye shi, a ajiye masa kankana ko gyaɗa ko ayaba. Kuma idan ya ce, "Hajiya, ruwan ma ya isa, na gode," a ƙyale shi, kada a ce ya raina ne.

Wasu sukan ce sun bar sukari sun koma zuma ko mazarƙwaila. Zuma tana da daraja a addininmu da al'adarmu, ba mai musun wannan. Amma kimanin kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, kuma ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya haɗa da ita. Cokalin zuma da aka lasa daban, zumar da aka kwarara a shayi sau uku a rana daban. Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa ya daskare, jiki sukari yake ɗaukar ta. Dabino ya fi su, domin da zarensa ake cin sa, sai dai uku na buɗa-baki ba ɗaya suke da cin rabin leda ba. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuwa, likitoci sun hana a ba shi zuma ko kaɗan, saboda wata ƙwayar cuta da kan kasance a cikinta wadda hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Sai kuma sakarin da 'yan uwansa, masu zaƙi ba sukari: a 2023 hukumar ta ba da shawarar kada a dogara da su wajen rage ƙiba. A ganina ma babbar illarsu ita ce suna barin harshe da son zaƙinsa yadda yake.

Harshe kuwa sabo yake bi. Wanda ya yanke sukari rana ɗaya yakan koma cikin mako, domin shayin zai zame masa kamar magani. Wanda ya rage rabin cokali, ya zauna a haka mako ɗaya ko biyu, ya sake ragewa, wata rana zai kurɓi irin shayinsa na da ya ji ya gundure shi. Sannu ba ta hana zuwa. Ga kayan ƙamshi Allah ya hore mana: citta, kanumfari, kirfa, na'ana'a. Zoɓon da ya ji citta da ɓawon abarba ba ya neman sukari mai yawa. Kunun aya da zaƙinsa ya zo, 'yan ƙwayoyin dabino sun ishe shi. Fura idan aka samu kindirmon da bai yi tsami ba, rabin abin da aka saba zubawa ya wadatar.

Uwargida ce ke riƙe da mabuɗin gida a wannan fanni. Idan ta daina zuba sukari a tukunyar koko ko a tulun shayi, ta bar kowa ya sa wa kansa da ƙaramin cokali, nan take za a ga yawan abin da ake sha. Yaron da bai kai shekara biyu ba, kada a sa masa sukari a kunu, kada a ɗura masa lemo. Bai san zaƙin ba balle ya nema, mu ke koya masa. Kuma a daina mayar da alewa da biskit ladan kowane kuka da kowane aike. Mai karatu kuma ya riƙa juya kwali ko roba yana dubawa: kayan haɗi ana jera su ne daga wanda ya fi yawa, saboda haka idan sukari ne na farko ko na biyu, ka san abin da ka saya.

Gwamnatin Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka sa wa sukari, ƙarƙashin Dokar Kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Naira 5 ke nan a kan robar rabin lita, kuma ban ga wanda wannan zai hana saye ba. Ban kuma manta da lebura ko ɗan acaɓa wanda burodi da lemo ko garin kwaki da sukari ne abincin ranarsa ba, domin shi ne mai araha da sauri. Ba gori nake yi masa ba. Amma kuɗin lemon nan zai sayi ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa da ruwan leda, waɗanda za su fi riƙe masa ciki har yamma.

Akwai mutum ɗaya da dole ya bi wannan magana da lura: mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin sauke sukari. Shi sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa, ya ji karkarwa, gumi, jiri da ruɗewa. A wannan hali 'yan ƙwayoyin sukari ko rabin kofin lemo ceto ne, don haka ya riƙa yawo da su, iyalinsa su ma su san alamun, kuma kada ya sauya cimarsa ko ya ɗauki azumi sai ya yi shawara da likitansa. Wanda kuma ya haura shekara 40, ko yake da teɓa, ko akwai mai ciwon a gidansu, ko matar da ta taɓa haihuwar jariri mai nauyi sosai, ya je asibiti mafi kusa da safe kafin ya karya a auna shi. Ɗigon jini ɗaya ake ɗauka a yatsa, kuma kafin ya tashi daga kujera sakamakon ya fito.