Maraɗi: Ɗan gwangwanin da ke kashe sautin ampili, da abin lura kafin a canza shi

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, ampili mai gurnani kamar injin niƙa ba baƙuwa ba ce a teburin masu gyaran rediyo. Wasu daga Tibiri ake ɗauko su a kan kabu-kabu, wasu daga Jiratawa, mai kaya kuma ya riga ya fitar da rai.

Sau da yawa ba ta mutu ba. Laifin na wani ɗan abu ne mai kama da gwangwani, wanda a Nijar ake kira kondansatar, a Najeriya kuma kapasita. Shi ke adana wuta ya daidaita ta kafin ta isa ɓangaren sauti. Akwai ruwan sinadari a cikinsa, zafi kuma busar da shi yake yi. Lissafin masu ƙera shi: duk ƙarin digiri 10 yana cinye rabin kwanansa. Idan ka ga kansa ya kumbura ko yana tsatsafo, ya gama aiki.

Wutar da ke hawa da sauka ma tana gajiyar da shi. Mutanen Maraɗi ba su manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, masu hali suka koma kan janareto da sola.

Wajen sayen sabo ne ake yin asara. A duba jikinsa: mai lambar 105 ya fi mai 85 jure zafi, don haka shi ya dace da ɗakin kwano. Lambar volt za ta iya ɗara ta tsohon, amma kada ta gaza. Ta mikrofarad kuwa a bar ta yadda take. Zancen samari cewa ƙato ne ke ƙara bas yakan ƙare da ƙonewar fiyus.

'Yan uwa da ke aiko da kaya daga Amurka su tuna wutar can 120 ce, ta Nijar 220. Ba kondansatar da zai magance wannan, sai taransfoma.

Mai son gwadawa da kansa ya sani babban kondansatar yana riƙe wuta ko bayan an zare filogi, kuma idan aka juya ƙafafunsa wajen liƙawa, fashewa yake yi.