Sauro: "Ɗan Ƙudan" Da Ya Fi Ƙarfin Sunansa

Uwargida, in kin ɗauki kwalin maganin sauro ko kin buɗe ledar sabon gidan sauro, idonki kan faɗa kan kalmar "mosquito". Da yawanmu mun ɗauka asalin Turancin Ingilishi ce, alhali kuwa aro ce. Turawan Ingila sun ɗauko ta daga Sifaniyanci a ƙarshen ƙarni na 16.

Kalmar gida biyu ce. Na farko "mosca", wato ƙuda, wadda ta samo asali daga "musca" ta harshen Latin. Na biyu kuma "-ito", ɗan ƙarin da mutanen Sifaniya ke liƙa wa ƙarshen kalma don nuna ƙanƙanta, kamar yadda mu muke sa "ɗan" ko "'yar" a gaba. In abin mace ne sai su ce "-ita". Ke nan ma'anar "mosquito" ita ce ɗan ƙuda.

Wannan ɗan ƙari kuwa har da lele ake yi da shi. Uwa kan kira ɗanta "hijito" maimakon "hijo", jikoki su kira kakarsu "abuelita" maimakon "abuela", yaro mai suna Juan ya koma Juanito. Kin ga sauro ya samu irin sunan da ake yi wa ɗan lele!

To amma raina kama ka ga gayya. Sai a 1897 wani likitan Birtaniya, Ronald Ross, ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauro, yana aiki a Indiya. Macen wani jinsi da ake kira Anofilis ce ke yaɗa cutar, kuma da dare ta fi cizo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 cutar ta hallaka mutum kimanin 597,000, mafi yawansu a Afirka, akasari yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Don haka 'yar'uwa, kada sunan ya ruɗe ki. Ki tabbata yara sun kwana cikin gidan sauro mai magani, ke ma haka, musamman in kina da juna biyu. Ki rufe randuna, ki zubar da ruwan da ya kwanta a tsakar gida. Da zarar jikin yaro ya yi zafi, a kai shi asibiti a gwada jininsa kafin a ba shi magani. Allah Ya raya mana zuri'a.